Dajin Gwamnati ko Gonar Mai Kuɗi: Ina Namijin Barewa Ya Fi Daɗewa a Amurka?

 Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen girki da kuɗin makaranta mu leƙa daji, dajin ma na wata ƙasa. In kina da ɗa namiji mai riƙe waya, da wuya a ce ba ki taɓa leƙa kafaɗarsa kin ga irin bidiyon nan ba: Bature sanye da riga mai ruwan lemo, ya durƙusa a kan busasshen ganye, yana riƙe da kan barewa mai ƙaho rassa-rassa kamar reshen bishiya, yana ta washe baki. Irin waɗannan hotuna sun fi yawa a watan Nuwamba, lokacin da farautar barewa take kankama a Amurka. Yaro ya gani ya ce shi ma maharbi zai zama. Kafin ki ce masa e ko a'a, yana da kyau ki san abin da ke bayan hoton, don ba sa'a kaɗai ce ta kawo wannan ƙahon ba.

Mu muna ce mata barewa ne don ba mu da wani sunan da ya fi kusa, amma ba dangin barewarmu ba ce. Barewarmu da rago da akuya ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa. Ita wannan ta Amurka, mai farin gashi a ƙarƙashin wutsiya, namijin ne kaɗai ke da ƙaho, kuma kowace shekara wajen ƙarshen sanyi sai ya zubar da shi ƙasa, sabo ya tsiro. Ƙahon ƙashi ne zalla. Namiji ɗan shekara ɗaya da rabi ƙahonsa ƙarami ne, wani lokacin tsinke biyu kawai. Kowace shekara yana ƙara kauri da rassa, ba ya cika sai dabbar ta kai shekara biyar ko shida. To kin ga duk mai babban ƙahon da kika gani a hoto, ya tsallake damina huɗu ko biyar ana nemansa da bindiga bai faɗi ba. Abin da masana da mafarauta suka daɗe suna jayayya a kai shi ne, a ina ya fi samun wannan tsawon ran: a dajin gwamnati da kowa ke shiga, ko a filin mutum ɗaya mai shinge da kwaɗo?

Sai mun koma baya kaɗan. Wajen shekarar 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa a Amurka. 'Yan kasuwa sun yi ta harbinta suna kai nama da fata birane, har aka ƙiyasta abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce dubu 500 ba. A 1900 ɗin aka yi dokar Lacey, wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka sa lokacin farauta, suka sa lasisi, suka hana sayar da naman. A 1937 aka yi wata dokar, ta Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin ɗari, ana raba wa jihohi don kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai miliyan 30, mafarauta kuma suna kashe kimanin miliyan 6 duk shekara ba ta ƙare ba. Har yanzu ba za ki shiga kasuwa a can ki sayi naman barewar da aka harbo a daji ba. Maharbi ya ci da iyalinsa, ko ya yi kyauta.

Ga inda kullin yake. A dokar Amurka dabbar daji ba ta mai fili ba ce, ta jama'ar jiha ce gaba ɗaya, gwamnati tana riƙe da ita amana. Ko a bayan ɗakinki barewa take kwana, ba ki da ikon harbinta sai lokaci ya yi. Amma filin naki ne, ba wanda zai taka shi sai da izininki. Wato dabba ta kowa ce, ƙofar isa gare ta kuwa tana hannun mai fili. Gwamnatin tarayya tana da kusan eka miliyan 640, wanda ya kusa ninka faɗin Najeriya sau uku, sai dai yawancinsa yana yammacin ƙasar da Alaska. A jihar Nebada kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasa na gwamnatin tarayya ne. A Teksas kuwa kusan kashi 95 na masu zaman kansu ne. Gabashi da tsakiyar ƙasar, inda mai farar wutsiyar ta fi yawa, nan ne filin gwamnati ya fi ƙaranci. Mutane da yawa, daji kaɗan.

Ki ɗauki jihar Pensilbaniya, inda farauta ta zama kamar sallah. Shekaru da dama makarantu da yawa ba sa buɗewa ranar farko ta farautar bindiga, don malamai da ɗalibai duk suna daji. A 1907 jihar ta hana kashe mata, ta ce maza kaɗai. Wannan kin fi kowa gane hikimarsa. In kina kiwon awaki kuɗi ya yanke, bunsuru kike kaiwa kasuwa, akuya ta zauna ta haihu. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Haka aka yi, barewa ta yi ta ƙaruwa, tunda macen takan haifi biyu-biyu in abinci ya wadata. Sai dai duk bindigogin jihar suka koma kan maza. Kafin 2002, kusan takwas cikin goma na mazan da ake kashewa a jihar 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Da ƙahon farko ya tsiro, shi ke nan, an gama da shi.

Ba mugunta ce ta sa maharbin dajin gwamnati yake yin haka ba, lissafi ne. Ya ɗauki hutun kwana biyu daga aiki, ya sha mai, ya zauna cikin sanyi tun asuba. Ƙaramin namiji ya ɓullo. In ya ƙyale shi ya girma, ya san taku kaɗan a gaba akwai wani mai bindiga da ba zai ƙyale ba. Haƙurinsa wani ne zai ci ribarsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sai ya danna kunama. Kowa a dajin irin wannan tunanin yake yi, kuma kowa yana da gaskiyarsa, amma in aka tara sai a wayi gari babu namiji ko ɗaya da ya tsufa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ɗan shekara ɗaya da rabi ya fi kowa shiga haɗari, kuma a nan ne na so ki saurara, don maganar uwa ce. Yawancin samarin barewa ba sa zama inda aka haife su. In ɗa ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, uwarsa da sauran matan dangi sukan tsananta masa, ya bar wurin ya nemi nasa, galibi tafiyar 'yan kilomita. 'Ya mace ita tana zama kusa da uwa. Masana suna ganin hakan yana hana barbara tsakanin jini ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 1992 daga jihar Bajiniya ya kwatanta 'ya'ya maza da iyayensu mata suka mutu da waɗanda nasu ke raye, ya tarar marayun sun fi zama a gida, kuma sun fi tsira. Wanda aka kora yana yawo ne a dajin da bai sani ba, bai san maɓoya ba, bai san inda hanya take ba, kuma tafiyar takan zo daf da lokacin farauta. (Kar wata ta ce na ba ta hujjar riƙe ƙaton gardi a ɗaki har shekara talatin. Barewa nake magana.)

A filin mai zaman kansa lissafin ya juye. Mai fili ko ƙungiyar abokai da suka yi hayar wurin su kaɗai ke shiga. Suna iya cewa bana ba wanda zai taɓa namijin da bai kai shekara uku da rabi ba, wanda ya karya ya biya tara ko a kore shi. Suna ɗaura ƙananan kyamarori a jikin bishiyoyi, wasu har hoton suke turo musu a waya, su san kowane namiji da kamanninsa, su raɗa masa suna, su bi girmansa shekara bayan shekara. Suna shuka masa ciyawa da wake a tsakiyar filin don kada ya fita. Wanda ya ƙyale ƙarami bana yana da kyakkyawan zaton shi zai same shi baɗi. Wannan tunanin ya samu ƙungiya a 1988, wadda wani masanin namun daji mai suna Joe Hamilton ya kafa a jihar Karolina ta Kudu, tana wa'azin a bar ƙananan maza a riƙa rage mata. Alƙaluman da ƙungiyar ke tattarawa daga jihohi sun nuna a 1989 kashi 62 cikin ɗari na mazan da aka kashe a ƙasar 'yan shekara ɗaya da rabi ne. A 2020 abin ya sauko zuwa kashi 26.

Amma kada ki ɗauka shinge kaɗai ya isa. Namijin barewa yakan yi yawo a faɗin ɗaruruwan eka, in lokacin neman mata ya zo a Nuwamba kuwa ya wuce haka, ba ya ko cin abinci sosai, yana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Mai eka arba'in da ya yi shekara biyu yana lallaɓa wani namiji, rana ɗaya zai ji ƙarar bindiga daga gonar maƙwabci. Inda aka yanka ƙasa ƙanana-ƙanana, kowane yanki da mai shi da 'ya'yansa da surukinsa, yawan bindigogi a kan kowace eka yana iya fin na dajin gwamnati. Shi ya sa a wurare da dama maƙwabta suke haɗa kai su yi yarjejeniya ɗaya, kamar dai adashi, ba ya tafiya sai kowa ya riƙe alƙawari.

Sai kuma abin da ya ba masu bincike mamaki. A wani babban dajin gwamnati mai tsaunuka a Pensilbaniya, mai suna Sproul, an ba mafarauta na'urar da ke nuna duk inda suka taka. Mafi yawansu ba su wuce rabin kilomita daga hanyar mota ba, kuma suna kauce wa gangare mai wuya. Dalilin a fili yake: duk wanda ya harbi dabba a can ƙurya, shi zai ja ta da hannu har bakin mota. Da aka sa wa barewa maƙala mai nuna wuri a wuya a irin waɗannan dazuzzuka, sai aka ga matan da ke cikin dajin gwamnatin ma ba a kashe su kamar na gonakin da ke kewaye. A Oklahoma kuma an yi gwaji da manyan maza, aka raba fili uku: wani ba mafarauci, wani kaɗan, wani da yawa. Cikin 'yan kwanaki da fara farauta mazan suka gane, suka rage yawo, suka shige duhuwa, mafarautan suka daina ganinsu alhali suna nan. Maharbi ya koma gida yana cewa an ƙarar da barewa, ita kuwa tana kwance cikin ƙaya tana jin takunsa.

Don haka in ɗanki ya tambaye ki, ba takardar mallakar fili ce ke raya namijin barewa ba. Bindiga nawa ce a wurin, hanyar mota ta kai ina, akwai duhuwa da tsauni, sannan wace ƙa'ida masu bindigar suka yarda su bi. Ƙaramin dajin gwamnati kusa da birni mahallaka ce. Babba mai wuyar shiga kuwa yana iya fin gonar attajiri tsaro.

Pensilbaniya ta nuna ana iya kawo haƙurin mai fili cikin dajin kowa in doka ta tsaya. A 2002 hukumar namun dajin jihar, da jagorancin masaninta Gary Alt, ta ce ba a harbin namiji sai ƙahonsa na gefe ɗaya yana da rassa uku, a wasu yankunan huɗu, ta kuma ƙara yawan matan da za a kashe. An yi rigima ba kaɗan ba, har aka ruwaito yana sa rigar sulke in zai je taron jama'a. Amma dokar ta cire wa maharbi fargabar nan ta "in na bari wani zai ɗauka", don yanzu wancan ɗin ma an ɗaure masa hannu. Abin da ya burge ni shi ne an sassauta wa yara masu lasisin ƙanana, an bar su su harbi ƙarami, don kada yaro ya yi shekara uku yana zaman sanyi bai samu komai ba ya tsani abin.

In kika tambaye ni wane tsari na fi so, dajin kowa mai doka na fi so, ko da mazansa ba su kai na shinge girma ba. A Teksas, inda kusan duk ƙasa ta masu ita ce, farauta haya ake yi, mutum ya biya dubban daloli a shekara kafin ya taka daji. Dabbar da doka ta ce ta kowa ce ta koma sai mai kuɗi. Ga iyalai da yawa a karkarar Amurka barewa ɗaya ko biyu ita ce naman gidan na watanni, ana yankawa a jera a firiza. Tun 1991 a Pensilbaniya da Bajiniya akwai shirin da mafarauta ke bayar da barewar da suka harba a niƙa naman a raba wa mabuƙata. Mai neman naman miya ba ruwansa da rassan ƙaho. Rigimar ƙofa ta kai ga a jihar Wayomin, inda filayen gwamnati da na masu zaman kansu suke jere kamar gidajen dara, wasu mafarauta huɗu daga Misuri suka kafa tsani a kusurwa suka tsallaka daga filin gwamnati zuwa filin gwamnati ba tare da sun taka na attajirin da ke tsakani ba. Ya kai su ƙara, a Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya.

Tara dabba da yawa ma da nasa ciwon kai. Duk shekara motoci suna karo da barewa fiye da sau miliyan ɗaya a Amurka, abin ya fi muni a Nuwamba. Manoma suna kuka da ɓarnar masara da waken soya. Akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba har ta mutu, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, yanzu tana jihohi fiye da 30. Ba ta da magani, kuma ta fi kama manyan maza saboda yawonsu da faɗansu. A inda ta yi ƙamari hukuma tana roƙon a rage dabbobin, mai filin da ya kashe kuɗi yana renon babban ƙaho kuwa ba ya son jin wannan magana.

Wani abu da zai taɓa ki, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi. Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasshe da ta taɓa cika bakin Sahara, a shekarar 2000 aka ayyana ta ƙare ƙaf a daji. A daidai wannan lokacin akwai dubbanta a manyan gandayen masu kuɗi na Teksas, ana kiwonta a bayan shinge, mai so ya biya ya harba. Masu gandayen suna cewa kuɗin farautar ne ya raya ta, masu adawa suna cewa dabbar da ke cikin waya a wata nahiya ba ta amfani ƙasarta da komai ba. Sai a 2016 aka fara mayar da ita gida, aka ɗauko wasu daga Abu Dhabi aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na Chadi. Sun hayayyafa, har a Disambar 2023 aka cire ta daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Mu ma muna da doka a takarda. Tun 1963 Arewacin Najeriya yake da dokar namun daji, kuma farauta haramun ce a wurare irin su Yankari ta Bauchi. Abin da ya bambanta shi ne yadda ake yi a sauran dazuzzukan: rani ya yi, gayya ta fita da karnuka, a cinna wa daji wuta, duk abin da ya fito a buge, mace ce ko namiji, mai ciki ce ko mai shayarwa. Wuta ba ta ƙirga rassan ƙaho. Tsofaffin maharba, irin su Sarkin Baka na da, suna da abubuwan da ba sa taɓawa da lokutan da ba sa fita, kuma in kin zauna da su za su gaya miki yawan gwanki da kanki da suka gani da idonsu a wuraren da yau ko zomo sai an yi da gaske.

In ɗanki ko maigida yana bin farauta, ba sai kin yi masa lacca ba. Ranar da ya shigo da nama kina gyarawa, ki tambaye shi mace ce ko namiji, da ciki ko babu, a wane daji, kuma wa ya ba su izini. Ke kike feɗe cikin, ke za ki fara gani. Waɗanda ke zaune kusa da Yankari, Falgore ko Kamuku, da na wajen Tanut da Dakoro, ku rubuto mana a ƙasa: yaushe rabonku da ganin barewa da idonku, kuma a ina?